An bar jaki ana dukan taiki? Yadda majalisun Amurka ke bin sawun kuɗin jinyar gida

Da ƙarfe takwas na safe, a wani bene da ke unguwar Bronx a birnin New York, ma'aikaciya takan shiga gidan tsohuwar da take yi wa hidima. Kafin ma ta ce mata ina kwana, sai ta zaro waya ta danna, na'ura ta ɗauki lokacin isowarta da wurin da take tsaye. In ta gama yi mata wanka, ta dafa abinci, ta tuna mata magani, sai ta sake dannawa kafin ta ja ƙofa. Ranar da ta manta, ko caji ya ƙare, ko sabis ya ɗauke, awannin wunin na iya maƙalewa, albashi ya makara. Wanda ke da 'yar'uwa a can, daga zangunan Gana ko daga Nijar ko Najeriya, ya san wannan aiki, don yana cikin ayyukan da mutanen Afirka ta Yamma suka fi samu in sun sauka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, umarnin wannan dannawa daga majalisar dokokin tarayya ya fito, a sashe na 12006 na wata doka da Barack Obama ya sa wa hannu a watan Disamba na 2016.

Me ya kai majalisar ƙasa mai girman Amurka ga ƙirga mintunan mai yi wa tsohuwa wanka? Sai an bi kuɗin tukuna.

Shirin da ya fi kowane ɗaukar nauyin wannan hidima sunansa Medicaid, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, wadda aka kafa a 1965 zamanin Lyndon Johnson. Karo-karo ake yi tsakanin tarayya da jihohi. Jiha mai arziki irin New York, tarayya na biya mata rabi, matalauciyar jiha irin Mississippi kuwa ana biya mata fiye da kashi 70 cikin 100. Jiha ce ke gudanarwa, hukumar tarayya da ake kira CMS ke duba ta. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jihar da ta karɓi kuɗin tarayya sai ta riƙa kai rahoto, kuma daga nan duk ƙa'idojin suka samo tushe.

Sai dai akwai wata karkata tun asali. Dokar Medicaid ta wajabta wa kowace jiha biyan kuɗin gidajen kula da tsofaffi da marasa lafiya, amma yawancin hidimar da ake yi wa mutum a cikin gidansa, irin su wanka da girki da ɗagawa da kwantarwa, ta bar wa jiha zaɓi. Labarin wata yarinya daga jihar Iowa, Katie Beckett, shi ya fito da rashin hankalin wannan tsari fili. Ciwon ƙwaƙwalwa ya kama ta tana jaririya, ta shekara kusan uku a asibiti da na'urar numfashi. Likitoci sun ce za ta iya komawa gida, amma da ta koma, Medicaid zai daina biya, alhali kuɗin asibitin ya ninka na gida sau da dama. Shugaba Ronald Reagan ya ambaci lamarinta a taron manema labarai a watan Nuwamba na 1981, aka sassauta mata. A wannan shekarar ce kuma majalisa ta ƙara sashe na 1915(c) a cikin doka, wanda ya ba jihohi damar neman izinin sassauci don su kashe kuɗin Medicaid a gidajen mutane. Aka gindaya sharaɗi: matsakaicin abin da za a kashe wa mutum a gida kada ya wuce abin da za a kashe masa a gidan kulawa. Aka kuma yarda jiha ta ƙayyade adadin waɗanda za ta ɗauka. Wannan izini na biyu shi ya haifi dogon layin jira, za mu dawo kansa.

Kotun ƙoli ta ƙara wa tafiyar mai a watan Yuni na 1999, a shari'ar Olmstead, inda mata biyu daga jihar Jojiya, Lois Curtis da Elaine Wilson, suka yi ƙarar ci gaba da tsare su a asibitin masu taɓin hankali bayan likitoci sun ce za su iya zama cikin jama'a. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta rubuta hukuncin, cewa killace mai naƙasa ba gaira ba dalili wariya ce. Zuwa 2013, abin da Medicaid ke kashewa a hidimar gida da ta cikin al'umma ya zarce abin da yake kashewa a gidajen kulawa, karo na farko a tarihinsa.

Nasara ce, amma ta zo da ciwon kai ga mai sa ido. Gidan kula da tsofaffi gini ɗaya ne, yana da adireshi, yana da rajista, sufeto na iya faɗo masa ba sanarwa ya duba gadaje ɗari a wuni guda. Hidimar gida kuwa a bayan miliyoyin ƙofofi ake yin ta, mutum biyu kacal a ɗaki, ɗaya daga cikinsu wani sa'in mai larurar mantuwa ne, ko wanda ba ya iya magana, ko uwa ce da ba za ta taɓa kai ƙarar ɗanta ba. Wa zai shaida an yi aikin?

Majalisar tarayya ba ta da wannan ido da kanta, sai ta yi hayar idanu. Kwamiti biyu ne Medicaid ke ƙarƙashinsu, na kuɗi a majalisar dattawa, da na makamashi da kasuwanci a majalisar wakilai. Suna da ofishin bincike na majalisa, GAO, wanda aka kafa a 1921, shugabansa na yin shekara 15 a kujera don kada ya ji tsoron gwamnati mai ci. Akwai MACPAC, kwamitin ƙwararru da aka kafa a 2009, mai miƙa wa majalisa rahoto duk watan Maris da na Yuni. A ɓangaren zartarwa akwai sufeto-janar na ma'aikatar lafiya, sannan kowace jiha na da rundunar yaƙi da zamba a Medicaid, galibi a ofishin babban lauyan jiha, tarayya na biyan kashi 75 cikin 100 na kuɗin gudanar da ita. Abin lura shi ne, kuɗin Medicaid ba irin wanda ake ja-in-ja a kansa duk shekara ba ne kamar kasafin wata ma'aikata. Duk abin da jiha ta kashe bisa ƙa'ida, tarayya ta ɗaura wa kanta biyan kasonta. Don haka bulalar majalisa uku ce: ta sauya doka, ta yanke kason jihar da ta ƙi bin umarni, ko ta kira jami'i gabanta ya sha tambayoyi.

Bulala ta biyu aka ɗauko a 2016. Kafin nan, ofishin sufeto-janar ya daɗe yana kuka. A 2012 ya fitar da rahoto kan ɓarakar da ke cikin hidimar gida, a watan Oktoba na 2016 kuma ya sanar cewa ya buɗe bincike fiye da 200 a cikin shekara huɗu. Irin abin da ake samu sananne ne: a rubuta awanni alhali majinyaci na kwance a asibiti, ko yana kurkuku, ko ya rasu. Ma'aikaci ya rubuta yana gidaje biyu a lokaci ɗaya. Wani sa'in ma da haɗin bakin majinyacin, a raba kuɗin. Mafi muni, a bar mara lafiya cikin ƙazanta da yunwa ana karɓar albashi da sunansa. Ba wanda zai ce ƙirƙirar matsalar aka yi.

Maganin da majalisa ta kawo shi ne tantance ziyara ta na'ura, wanda ake taƙaitawa da EVV. Dole na'urar ta kama abu shida: wace hidima aka yi, wa aka yi wa, wa ya yi, a wace rana, a ina, da lokacin farawa da gamawa. An sa wa'adin farkon 2019, jihohi suka ce ba su shirya ba, majalisa ta ɗage zuwa 2020, aka kuma ba masu uzuri ƙarin shekara guda. Jihar da ta saɓa, a rage mata kason tarayya na wannan hidima, a fara da rubu'in kashi ɗaya cikin 100, a riƙa ƙarawa har ya kai kashi ɗaya cif. Don lallashi kuma, tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin gina tsarin da kashi 75 na gudanar da shi. Wani abin da ba a cika faɗa ba: dokar ta 2016 asalinta ta binciken magunguna ce, an cusa wannan sashe ne don ya taimaka wajen biyan kuɗin sauran sassan, bisa ƙiyasin ofishin kasafi na majalisa cewa zai rage asarar kimanin dala miliyan 290 a shekara goma. A shirin da ke cin ɗaruruwan biliyoyi duk shekara, wannan bai kai cikin cokali ba.

Naƙasassu da ƙungiyoyinsu sun yi tsaye a kan lamarin. Suka ce sun shekara da shekaru suna gwagwarmayar fita daga gidajen killacewa, yanzu kuma an mayar da gidajensu wurin da gwamnati ke leƙe. Mai naƙasa na zuwa aiki, yana zuwa kasuwa, yana zuwa wurin ibada tare da mai taimaka masa, amma wasu na'urorin in sun ga an fara aiki a wani wuri da ba adireshin gida ba sai su ɗaga tuta. A 2019 CMS ta fito ta fayyace cewa jiha na iya cire ma'aikatan da ke zaune gida ɗaya da majinyaci daga wannan tilas, kuma ba a ɗaure hidimar a cikin gida kaɗai ba. Duk da haka jihohi da yawa sun zaɓi tsauri fiye da abin da doka ta nema.

A nan nake ganin ma'aunin ya karkace. Na'urar tana iya shaida cewa waya ta isa gida da ƙarfe takwas. Ba ta iya shaida ko an juya mara lafiya don kada ya yi gyambon kwanciya. Abin da ya fi wannan nauyi, ba ta cewa komai game da tsohon da aka amince masa da awa 40 a mako amma awa 20 yake samu saboda babu ma'aikaci. A littafin akanta, awar da ba a yi ba kuma ba a biya ba riba ce, ba mai binciken da zai ɗaga gira a kanta. Ga mai gida kuwa, wuni ne a kan gado ba wanda ya ɗaga shi.

Dubi yadda rahoton da ke hawa sama yake tafiya. Jiha na kai lissafin kuɗi duk wata uku a fom mai suna CMS-64, wannan ba ya makara, don da shi take karɓar kasonta. Rahoton shirye-shiryen sassauci kuwa, CMS-372, wanda ya ƙunshi bayanin lafiya da amincin majinyata, shekara-shekara ne, kuma jiha na da wata 18 bayan ƙarewar shekarar kafin ta miƙa. Kafin takarda ta isa tebur, wanda aka zalunta wataƙila ya daɗe a kabari. A farkon 2018, GAO ta binciki gidajen zaman tsofaffi masu ɗan taimako, waɗanda su ma daga wannan asusu ake biyansu. Jihohi 26 suka kasa faɗin adadin munanan abubuwan da suka faru a gidajen, wato duka, cin zarafi, sakaci, mutuwar da ba a yi bayaninta ba. Jihohi 22 da suka iya ƙirgawa sun kawo kusan 23,000 a shekarar 2014 kaɗai. Kowace jiha ma da irin fassararta ta abin da ya cancanci a kira mummunan lamari.

Layin jira ma haka. Alƙaluman da kowa ke ambata, mutum kusan 700,000 da ke jiran hidimar gida a 2023, da matsakaicin jira na wajen shekara uku, daga tambayoyin da wata cibiya mai zaman kanta, KFF, ke aika wa jihohi duk shekara suke fitowa. Shekara arba'in bayan dokar 1981, babu ƙa'idar tarayya da ta tilasta wa jiha ta faɗi mutum nawa ta bari a layi. 'Yan majalisa da kansu daga hannun cibiyar suke aron lambar in za su yi jawabi.

Bari in ɗan ratse kan wata lamba da ake yawan wasa da hankalin mutane da ita. Duk shekara gwamnati na fitar da adadin kuɗin Medicaid da aka biya ba bisa cikakkiyar ƙa'ida ba. A 2021 ya haura kashi 21 cikin 100, a 2024 ya sauko wajen kashi 5. 'Yan siyasa kan ɗauko lambar su ce ga abin da aka sace. Ita kanta hukumar CMS ta ce mafi yawansa rashin cikar takardu ne, an yi aikin amma fayil bai cika ba. Wanda bai bambance ɓatan takarda da ɓatan kuɗi ba zai yi ta ƙara wa ma'aikaciya fom yana zaton ɓarawo yake kamawa.

Sai a watan Afrilu na 2024, zamanin Joe Biden, CMS ta fitar da ƙa'idar da ta juya ido zuwa sama. Kamar yadda aka rubuta ta, daga tsakiyar 2027 jihohi za su riƙa faɗin yawan mutanen da ke layi da tsawon jiransu, da kwana nawa ake ɗauka tsakanin amincewa da hidima da fara ta, da kaso nawa na awannin da aka amince da su ake yi a zahiri. Za su kafa tsarin rajistar munanan lamura bisa ma'ana ɗaya ta bai-ɗaya. Sashen da ya fi tayar da ƙura shi ne na 80 da 20: zuwa 2030, aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da Medicaid ke biya don wannan hidima ya tafi albashi da alawus na masu aikin, kamfanin da ya ɗauke su aiki ya yi hidimar ofis da ribarsa a cikin 20 da ya rage. Kafin nan, daga 2028, sai an riƙa bayyana kason da ke isa hannun ma'aikaci. Dalilin a fili yake. A 2024, matsakaicin albashin wannan aiki a ƙasar yana tsakanin dala 16 da 17 a awa, mafi yawan masu yin sa mata ne, kusan ɗaya cikin uku a wata ƙasa aka haife su, kuma ana barin aikin da yawa. Ƙungiyoyin kamfanoni suka ce ƙananan kamfanoni na karkara za su rufe, horaswa da kula da ma'aikata su ma kuɗi ne. Hujjarsu ba fanko ba ce. Amma ko wanda ya ƙi kashi 80 ɗin da wuya ya iya kare cewa a ci gaba da zuba kuɗi ba a san nawa ke tsayawa a tsakiya ba.

In ana son ganin yadda majalisa ke iya sakin igiyar da ke hannunta, a dubi New York. Jihar na da shiri mai suna CDPAP tun 1995, wanda ke ba majinyaci damar zaɓen mai yi masa hidima da kansa, ko 'yarsa ce ko maƙwabcinsa, in ban da miji ko mata. Ga iyalin da ba su jin Turanci sosai, ko tsohuwar da ba za ta yarda baƙo ya ga tsiraicinta ba, wannan shiri rahama ne. Tsakanin jiha da iyali akwai kamfanonin da ke riƙe takardu da biyan albashi, su ɗauki ladansu. Kamfanonin nan suka yi ta yaɗuwa har suka haura 600, wasunsu na talla a jirgin ƙasa da intanet cewa zo a biya ka kuɗin kula da mahaifiyarka. Masu amfana suka kai wajen 250,000, kuɗin ya wuce dala biliyan 9 a shekara. Gwamna Kathy Hochul ta fito a 2024 ta ce shirin ya zama harkar cuwa-cuwa.

A watan Afrilu na 2024, cikin dokar kasafin kuɗin jiha, aka amince a rushe kamfanonin 600 a maye su da guda ɗaya. A New York, kasafi kan fito ne daga sasantawar gwamna da shugabannin majalisu biyu a bayan labule, sauran 'yan majalisa su ga daftari a ƙurarren lokaci su kaɗa ƙuri'a. A cikin wannan doka kuma aka cire kwangilar daga binciken kwanturolan jiha, jami'in da jama'a ke zaɓa, wanda bisa al'ada yake duba manyan kwangiloli kafin su fara aiki. Ma'ana, majalisa da hannunta ta rufe ido ɗaya tilo da zai ga kwangilar kafin a sa hannu. A ƙarshen Satumba aka sanar da kamfanin Public Partnerships LLC, mai hedikwata a Jojiya a lokacin, aka sa wa'adin 1 ga Afrilu na 2025 kowa ya koma can. Da wa'adin ya matso, dubban mutane ba su gama rajista ba, har wani alƙalin tarayya a Brooklyn, Frederic Block, ya ba da umarnin wucin gadi ana gobe wa'adi don kada hidima ta yanke wa mutane. Ma'aikata da dama suka yi ta ƙorafin albashi bai zo ba ko bai cika ba.

Sai a watan Agusta na 2025 majalisar dattawan jihar ta yi zaman jin bahasi, ƙarƙashin Sanata Gustavo Rivera na Bronx, shugaban kwamitin lafiya, da Sanata James Skoufis na kwamitin bincike. Aka titsiye kwamishinan lafiya da wakilan kamfanin kan yadda aka ba da kwangilar, da mutum nawa suka fice daga shirin, da ina suka koma. Tambayoyi ne masu kyau, amma ihu ne bayan hari. Da a cikin dokar 2024 aka rubuta cewa duk wata ma'aikatar lafiya za ta kawo wa majalisa adadin waɗanda suka yi rajista, da waɗanda hidimarsu ta katse, da albashin da ya makara, da ba sai an roƙi lambobin a zauren bahasi ba. Gwamnatin jihar na cewa sauyin ya rage kashe kuɗi sosai, kuma mai yiwuwa ne, kamfani 600 kowanne da ladansa ba ƙaramin yoyo ba ne. Amma ragin kuɗi a wannan fanni fuska biyu gare shi, ko an toshe ɓaraka ko an rasa majinyata a hanya, kuma rahoton da zai raba tsakaninsu shi ne wanda ba a tanada ba tun farko.

Yanzu wani sabon matsi ya shigo. Dokar haraji da kashe kuɗi da Donald Trump ya sa wa hannu a ranar 4 ga Yuli na 2025 za ta rage abin da tarayya ke kashewa a Medicaid da wajen dala biliyan 900 a shekara goma, bisa ƙiyasin ofishin kasafi na majalisa. Jiha ba ta da ikon daina biyan kuɗin gidajen kulawa, tunda wajibi ne a kanta. Hidimar gida kuwa har yau zaɓi ce, hanyar rage ta kuma ba ta buƙatar sanarwa: a daskarar da farashin awa, a rage guraben shirin sassauci, layi ya ƙara tsawo. Rahoton farko na tilas kan tsawon wannan layi, da awannin da aka amince da su ba a yi ba, sai a watan Yuli na 2027 zai fara aiki, in ƙa'idar ta 2024 ta kai lokacin ba a taɓa ta ba.